Sharhi Kan Aikin Ƙara wa Mota Geji a Wani Shagon Wayarin da ke Farin Gada, Jos

A cikin jerin shagunan masu wayarin ɗin mota da ke yankin makanikai na Farin Gada a Jos, akwai wani madaidaicin shago da direbobin hanyar Jos zuwa Abuja suka sani da aiki guda, wato ƙara wa mota geji a kan dashbod da gyaran agogunan da ta zo da su daga kamfani. Na kai masa motata, Toyota Corolla ƙirar 2005 da aka shigo da ita daga Amurka, aka saka mata geji uku: na zafin ruwan inji, na ƙarfin bugun baƙin mai, da na cajin batir. Motar ta daɗe tana aiki da su a cikin gari da kan doguwar hanya, ta ga sanyin hunturu ta kuma ga zafin bazara, don haka zan iya faɗin abin da na gani ba tare da gaggawa ba. Aikin da ke ɓoye a bayan dashbod da ƙarƙashin bonet ya cancanci kuɗinsa har da ƙari, amma wanda ido ke gani a sama bai kai shi kyau ba.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin ƙarin geji a motar da ta zo da nata? Amsar tana cikin yadda kamfanoni ke ƙera allurar zafi a yawancin motocin zamanin nan. An tsara ta ne ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak, ko da zafin ruwan yana hawa yana sauka a cikin tazara mai faɗi, don kada direba ya riƙa firgita da kowane motsi. Sakamakon haka shi ne, a lokacin da allurar za ta bar tsakiya ta nufi ja, zafin ya riga ya yi nisa, kuma abin da ya rage wa direba na lokaci kaɗan ne. Fitilar baƙin mai ta fi wannan muni, domin ba ta kamawa sai bugun man ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar shi ne ma'aunin ƙarfin bugun mai), wanda ga injin da ke gudu a kan hanya ihu ne bayan hari. Duk wanda ya taɓa taso wa Hawan Kibo daga Forest da mota cike da mutane da kaya, yana biye da tirela a ƙaramar giya ba damar wucewa, ya san cewa a wannan wurin ne injin ke nuna gaskiyar lafiyarsa, kuma motocin da ake gani a gefen hanyar da bonet a buɗe suna tururi ba duka ne tsofaffi ba.

Abin da ya fara burge ni da maigidan shagon shi ne, bai fara da tallar kayansa ba. Ya buɗe bonet ya dafa tiyon lagireto, ya sa yaronsa ya tayar da motar, nan take fanka ta kama juyawa alhali injin yana da sanyi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, an cire wa motar nan tamostat, an kuma haɗa fankarta kai tsaye. Idan na saka maka geji a haka, lambar da zai riƙa nuna maka ba ta injin mai lafiya ba ce." Wannan al'ada ta cire tamostat ta zama ruwan dare a garejojinmu, bisa hujjar cewa wai an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, kuma da yawa daga cikin motocin da ke shigowa ana yi musu haka tun kafin su isa hannun mai saye. Tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a kusan digiri 82, kuma aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumin da ya dace kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwar motar kuwa tana ƙara yawan fetur muddin tana ganin injin a sanyaye. A gari irin Jos, inda sanyin asuba a Disamba da Janairu kan sauko kusa da digiri 10, wannan asarar mai ce ta kowace safiya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba ƙaramar asara ba ce. Ya tura aka sayo tamostat da sabon murfin lagireto a Dilimi, ya mayar da fankar kan rile ɗinta yadda ƙwaƙwalwar mota za ta riƙa kunna ta idan buƙata ta taso, sannan ya zubar da ruwan rijiyar da ke ciki ya zuba ruwan sanyaya inji na gaske.

Maganar murfin lagireto ta fi muhimmanci a nan Filato fiye da yadda mutane ke ɗauka. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, don haka zallan ruwa a buɗaɗɗen mazubi yana tafasa ne a wajen digiri 96, ba 100 ba. Murfin da ke riƙe matsi yadda ya kamata shi ne ke ɗaga wannan iyaka zuwa wajen digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, injin zai iya tafasa a zafin da ga lafiyayyar mota ba komai ba ne, kuma babu gejin da zai gyara wannan.

Wajen saka sensar zafi ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Ya auna faɗin cikin tiyon sama, wanda ke ɗauko ruwa daga kan inji zuwa lagireto, kafin ya zaɓi ɗan bututun alminiyon da za a sa a tsakani, domin suna zuwa girma daban-daban kuma wanda ya yi ƙanƙanta zai yi yoyo komai ɗaurin da aka yi masa. Ya yanka tiyon kusa da injin, ya juya bututun yadda bakin sensar zai kasance a nutse cikin ruwa maimakon ya tsaya a saman da iska ke taruwa, ya ɗaure da kilif biyu masu noti. Sai kuma wani ɗan abu da masu aikin gaggawa ke mantawa: sensar mai waya ɗaya ce, tana buƙatar jikinta ya haɗu da bodin mota, roba kuwa ba ta wuce da wuta, don haka ya ja wata gajeriyar waya daga jikin bututun zuwa wani noti a kan injin, bayan ya kankare wurin har ƙarfen ya yi fari. Da aka gama, ya bar murfin a buɗe injin yana silo har iskar da ke cikin ruwan ta fita, sannan ya jona na'urar binciken mota a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya kwatanta lambar da ƙwaƙwalwar motar ke gani da wadda sabon gejin ke nunawa. Bayan tamostat ya buɗe, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce digiri biyu zuwa uku ba. Wannan gwajin a wurina ya fi duk wani alkawarin baki, kuma ina ba kowa shawara ya nemi a yi masa shi a gabansa kafin ya biya.

Gejin baƙin mai ya fi wahala, kuma a nan ne na fi jin daɗin bayaninsa. Akwai hanyar da aka fi bi, wato a kwance makunnin fitilar mai na kamfani a ɗaura wani ƙarfe mai baki biyu a gurbinsa, a rataya tsohon da sabon tare. Ya ƙi bin wannan hanya saboda dalili biyu da ya nuna mini da hannunsa. Zaren ramin injinan Japan da zaren sensar da ke zuwa da yawancin gejin kasuwa suna kama da juna a ido, amma ɗaya yana da zare 28 a kowane inci, ɗayan 27. Za su shiga juyi biyu ko uku lafiya, sannan su cije, kuma wanda ya matsa da ƙarfi zai iya tsaga alminiyon jikin injin. Na biyu, sensar tana da nauyi, kuma girgizar inji a kan ramukan hanyoyinmu tana iya karya ƙarfen da take rataye a kai, man ya tsiyaye cikin 'yan daƙiƙoƙi. Maimakon haka sai ya yi amfani da wani faranti da ake sawa tsakanin filtar mai da jikin inji, mai zaren da ya dace da Toyota, domin na Honda daban yake. Ya kuma ƙi sayar mini da irin gejin da ake jawo siririn tiyon mai har cikin mota, ya ce ba ya son ranar da tiyon zai fashe ya watsa wa mutum mai zafi a ƙafa.

Wayarin ɗin kansa tsaf yake. Bai fere wayar rediyo ko ta sitiyari ya murɗa ya naɗe da salatif ba, kamar yadda aka saba gani. Ya ɗauko wuta daga akwatin fis, daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, ya sa wa gejin nasu ƙaramin fis, ya yi wa kowace mahaɗa dalma ya rufe ta da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Wayoyin da suka fito daga wajen inji ya bi da su ta robar da kamfani ya tanada a bangon da ke raba inji da cikin mota, bai huda sabon rami ba, ya kuma nisanta su da salansa. Na ji yana gargaɗin yaronsa kada ya kuskura ya taɓa duk wata waya mai rawayar riga, domin su ne na jakar iska, wadda ke kumburowa ta tare mutum idan an yi hatsari. Saboda wannan jakar ne ma ya hana a ɗora gejin a gefen fasinja, inda na fara nunawa don ya fi fili.

A kan hanya, gejin zafi shi ne ya fi biyan kuɗinsa. A cikin Jos da safe yana hawa a hankali ya zauna tsakanin 84 da 88. A cunkoson Terminus ko na Gada Biyu yakan haura zuwa wajen 95, sai a ji fanka ta kama, lambar ta sauko. A Hawan Kibo da cikakken lodi na ga ya taɓa 98, na kashe esi na rage giya, ya tsaya a nan bai ƙara ba, alhali allurar kamfani ko gezau ba ta yi ba tun daga ƙasan hawan har samansa. Haka ma a dogon cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da tsakar rana, inda mota ke tafiyar taku ɗaya ba iskar da ke ratsa lagireto sai ta fanka. Amfanin abin shi ne mutum ya san lambobin motarsa na kullum, ta yadda ranar da ya ga 100 a wurin da ya saba ganin 90 zai nemi gefen hanya tun gaskit bai ƙone ba. An saita masa ƙararrawa a 105. Akwai wani rauni da maigidan ya faɗa mini da bakinsa, wanda ya kamata kowane mai irin wannan geji ya riƙe: idan ruwa ya zube gaba ɗaya, sensar za ta koma zaune cikin iska, tana iya nuna lamba ƙasa alhali injin yana ƙonewa. Saboda haka lambar da ta faɗi haka kawai a tsakiyar tafiya abin tsoro ce kamar wadda ta hau, kuma duba ruwa da safe yana nan daram a matsayinsa.

Gejin batir ba shi da hayaniya. Da safe kafin a tayar yana nuna wajen volt 12.5, injin yana aiki kuma ya zauna kusa da 14. Ga mai tafiyar dare a hanyar Akwanga, ganin lambar ta fara zamewa ƙasa da 13 yana nufin altaneta ta fara gazawa, kuma sanin haka a gari ya fi saninsa a daji. Na baƙin mai kuwa yana buƙatar direban da zai koyi karanta shi, domin allurarsa ba ta zama wuri ɗaya: da sanyin safiya tana sama sosai, idan man ya yi zafi injin yana silo sai ta faɗo ƙasa, a taka totur ta sake tashi. Wanda bai san haka ba zai riƙa zarya gareji a banza. Shi ne kuma ya nuna mini a fili abin da man 20W-50 mai kauri, wanda makanikai ke yawan zubawa, ke yi a sanyin Jos, domin allurar takan daɗe a maƙale a sama kafin ta sauko. Toyota kuwa 5W-30 ta rubuta wa wannan injin.

Game da agogunan kamfani, na je da niyyar a canza fuskar maleji, saboda motar ta Amurka ce, manyan lambobinta na mil ne, na kilomita kuma ƙanana ne a ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mil 60 ya kai kusan kilomita 97, wanda ya ɗora allura a kan 100 yana zaton kilomita ne kuwa yana gudun 160 ne, alhali iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa ƙananan motoci na gida a babban titin ekspres ita ce kilomita 100 a awa. Maigidan ya ba ni shawarar in bar fuskar yadda take. Ya ce sai an zare allurai kafin a canza ta, kuma da wuya su koma daidai inda kamfani ya dasa su. Idan kuma aka sauya agogon ɗungurungum, lissafin tafiyar motar zai canza, domin a cikin agogon yake ajiye. Ya ƙara da wani abu da masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 ya kamata su sani, cewa lissafin nata yana tsayawa idan ya kai 299,999, don haka wanda ya ga wannan lamba a motar sayarwa kada ya ɗauka iyakar tafiyarta ke nan. Da ya kwance agogon don canza ƙwayayen fitilar da suka mutu, sai ga wani baƙin salatif manne a kan fitilar gargaɗin inji, wanda wani ya liƙa kafin motar ta zo hannuna don kada mai saye ya ga tana ci. Ya ɓare shi, ya karanta matsalar da na'urarsa, ya kuma shaida mini cewa rufe wannan fitila da rage lissafin maleji ayyuka ne da ba a yi a shagonsa ko nawa za a biya. Na ɗauki wannan da muhimmanci, domin wanda ya ƙi taya wani cutar mai saye, shi ne za ka iya bar wa makullinka ka tafi.

Inda shagon ya gaza shi ne a ƙawa da cika alkawari. Gidan robar da gejin uku ke zaune a ciki mai araha ne, launinsa bai dace da na dashbod ba, kuma da farko da gam mai fuska biyu aka manna shi. Zafin ranar Abuja bai yi masa da sauƙi ba, gam ɗin ya saki, gejin suka karkace suna lilo a kan wayoyinsu. Da na koma an ɗaure shi da ƙananan sukurori ba a karɓi ko kobo ba, amma ga shi an huda dashbod, kuma da an yi tunanin wannan tun farko da an nemi wurin da ramin ba zai fito ba. Hasken gejin shuɗi ne mai kaifi, da dare yana faɗawa kan gilashin gaba daidai inda ido ke kallon hanya, saboda yaran ba su haɗa wayar da ke rage hasken idan an kunna fitilun mota ba, sai da na yi magana. Ga mai bin kwanoni da dare wannan matsalar tsaro ce, bai kamata a jira mai mota ya gano ta ba. An kuma karya ɗaya daga cikin 'yan maƙalan robar da ke riƙe murfin gefen sitiyari, yanzu yana 'yar ƙara a kan gargada. An ce mini aikin na yini ɗaya ne, amma motar ta kwana, domin sai da aka fara aiki aka lura farantin mai da ke shagon ba na Toyota ba ne. Babu rasit, babu takardar garanti, komai a baki yake, ko da yake garantin da ya bayar da bakin ya cika shi.

Kuɗin aikinsa ya kusa ninka abin da masu wayarin na bakin titi suka nema, kuma ba ya yin ragi sosai. Kayan da yake sayarwa kala biyu ne, ya kuma bambanta su ba ɓoye-ɓoye: akwai masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su Defi waɗanda ya ce kwaikwayo ne, akwai kuma marasa suna da ya gwada ya yarda da su. Duk masu faɗin milimita 52 ne, wanda shi ne girman da aka fi samun gidansa a kasuwa. Ya kuma gaya mini, ko da yake hakan na rage masa ciniki, cewa duk motar Amurka daga 1996 zuwa sama tana da soket ɗin OBD-II, wato wancan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai ƙaramin allo da ake jonawa a nan ya nuna zafin ruwa da cajin batir ba tare da an yanka tiyo ba. Wanda zafi da caji kaɗai yake so ya gani, wannan ya ishe shi kuma ya fi sauƙi. Abin da allon ba zai iya nunawa a wannan Corolla ba shi ne bugun baƙin mai, saboda injin ba shi da sensar da ke auna shi, makunnin fitila kawai gare shi. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da tsohuwar Hiace kuwa, waɗanda har yau suke ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada zuwa wasu garuruwa, ba su da wannan soket ɗin, kuma su ne suka fi kowa buƙatar aikin irin wannan shago.

Ga wanda motarsa ba ta wuce Bukuru zuwa Terminus, ina ganin ya mayar da tamostat da fanka yadda kamfani ya yi su ya tsaya a nan, ko ya ƙara gejin zafi kaɗai. Gejin baƙin mai na masu doguwar tafiya ne da masu injin da ya fara tsufa, kuma yana zuwa da wani nauyi da zai bi motar muddin farantin yana jikinta: a duk lokacin da za a yi juye, dole a gaya wa mai canza filta ya riƙe farantin kada ya juya tare da filtar, domin idan notin tsakiyarsa ya saki, robar da ke bayansa za ta fara tsatsafo da mai. Bayan kowane juye a tayar da motar ta yi 'yan mintoci, a leƙa ƙasa a shafa gefen farantin da farin tsumma kafin a bar garejin.